Yadda muka raba Duna da bin mota a Wadi Fatima

Garken tumakin da nake kula da shi yana Wadi Fatima, wajen Jumum, arewa da Makka. Daga ƙofar garken zuwa kwalta akwai burji mai tsawon kamar mita 200, kuma ta nan wayit, wato tankar ruwa, ke shigowa duk bayan kwana biyu, haka ma dina, wato motar ɗaukar kaya, mai kawo sha'ir da ciyawar barsim, da wanet-wanet, wato motocin a-kori-kura, na masu zuwa taya dabbobi. Karen da ke gadin wurin baƙi ne wuluk, shi ya sa yara suka sa masa Duna. Yana wata 7 ya fara raka wayit da haushi in za ta fita, mu kuwa muna dariya, mun ɗauka ƙuruciya ce. Kafin ya cika wata 10, da ya ji ƙarar inji sai ya zabura, ya bi tayar baya yana kai mata cizo har bakin kwalta. Ranar da wata wanet ta make shi a cinya ya dawo da ƙafa uku, ranar na san ko a gyara shi ko mu haƙa masa rami. Gyaran ya ci wata huɗu da 'yan kwanaki. Wata biyun da suka gabaci gyaran kuwa asararsu muka yi, domin hanyar da kowa ke bi muka bi.

Hanyar ita ce tsawa da jifa da bulala. Ya bi mota, ya dawo yana haki, a tare shi da duka. Abin da ya koya daga wannan guda ɗaya ne: dawowa wurinmu ita ke jawo duka. Sai ya daina dawowa da wuri, in an kira shi ya tsaya daga nesa yana kallonmu. Bin motar kuwa ko gezau, saboda ladanta a cikinta yake. Kare yana da ɗabi'ar bin duk abin da ya gifta da gudu, gadon farauta ne, gudun kansa daɗi yake masa. Ga kuma ƙarin da mota ke yi: kullum tafiya take. Ya yi mata haushi, ta wuce, a ransa shi ya kore ta daga gidansa. Kowace mota da ya bi ta biya shi nan take, mu kuma bulalarmu tana zuwa bayan minti biyu ko uku, lokacin da ba zai iya haɗa ta da laifin ba. Wani direba ya ba mu shawarar a watsa masa ruwa daga cikin mota. Mun gwada sau biyu. Ya koyi kauce wa taga, ya koma bin ɗaya gefen. Mota mai gudun kilomita 60 a awa tana cinye kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya, don haka duk dabarar da ke buƙatar kare ya fara kusantar taya kafin a hora shi caca ce da ransa.

Matakin farko na gaske asibitin dabbobi ne a Jidda, tafiyar kamar awa ɗaya. Na shimfiɗa buhu a bayan wanet, ɗan yayata ya zauna ya riƙe shi, muka fita bayan Asuba don kada rana ta dafa shi. Ban kira na kama layi ba, kuskure ke nan, muka yi zaman jira na kusan awa biyu a waje, saboda ɗakin jiran cike yake da masu kyanwa kuma Duna bai taɓa shiga ɗaki ba. A wajen rajista sun nemi iƙamata, wato katin izinin zamana a ƙasar, da lambar waya, suka buɗe masa fayil, suka tambayi shekarunsa da allurar da aka taɓa yi masa. Babu ko ɗaya, kuma na ji kunyar faɗa. Aka auna shi, kilo 19. Likitan, wani Basudane, ya lallatsa cinyar, ya sa aka ɗauki hoton ƙashi, aka ga ba karaya, tsoka ce ta bugu. Ya rubuta maganin kumburi na kwana 5, ya ce a hutar da shi kwana 10 ba gudu, sannan a dawo don rigakafi. Ya ja kunnena kada in kuskura in ba shi Brufen ko Panadol na mutane da ka, Brufen yana ƙona wa kare ciki yana taɓa ƙoda. Da ganin likita da hoto da magani, abin da na biya ranar ya kusa riyal 400. Na tambaye shi ko fiɗiya za ta hana bin mota. Ya ce tana rage yawon neman karya, amma ba ta taɓa son gudu, kada in kashe kuɗi a kanta da wannan niyya.

A zuwa na biyu na kira tun da wuri, ko minti 20 ba mu yi ba aka shiga da mu. Aka yi masa allurar ciwon hauka da ta haɗin cututtukan karnuka, aka ba ni ɗan littafi da aka manna takardun kwalaben allurar a ciki da ranar komawa, ita ta haɗin bayan mako uku. A ajiye littafin nan wuri mai kyau, domin in kare ya ciji wani shi za a fara tambaya. Aka ba shi maganin tsutsa gwargwadon nauyinsa, da na kaska da ake ɗigawa a ƙeya. A nan na ji abu biyu da ban sani ba, kuma duk sun shafi horon. Na farko, kada a ba karen garke ɗanyen kayan cikin tumaki, hanta ko huhu, saboda akwai tsutsar da ke yawo tsakanin tumaki da kare, ƙwanta ya fita a kashin kare ya kama mutum ya yi masa ƙullutun ruwa a hanta. Tafasawa sosai tana kashe ta. Na biyu, ragowar shinkafar kabsa da bukhari da muke zuba masa tana da albasa da zabibi da dafaffen ƙashin kaza, ukun nan duk suna cutar kare. Ashe guba muke ba shi da sunan gata.

Kwana goman hutun nan su suka zama tushen aikin, ko da yake ban gane ba sai daga baya. Mun zagaye masa wuri mita 4 sau 6 a bayan rumfar abinci da wayar raga mai tsayin mita 2, muka binne ƙasanta taki ɗaya saboda haƙa, muka yi masa inuwa, muka rufe gefen da ke kallon hanya da tsohon tamfol don kada ya wuni yana kallon motoci yana zarya. Ɗaure shi da sarƙa a bakin ƙofa, kamar yadda wasu suke yi, ƙara abin yake, domin yana ganin motar, yana zabura, sarƙa tana fizge shi, haushinsa yana taruwa, ranar da ya tsinke kuwa sai kwalta. Dokar da muka kafa ita ce daga yau Duna ba zai sake bin mota ko ɗaya ba har a gama, kuma ba a buɗe ƙofar garke sai an tabbatar yana cikin raga ko a igiya. Na karɓi lambar direban wayit da na dina, na roƙe su su kira in sun baro kwalta. Da dare, in an kulle babbar ƙofa, a sake shi ya yi gadinsa a cikin shinge. Wanda ba zai iya tsare wannan doka ba ya haƙura da sauran, saboda minti goman horo da safe ba zai rinjayi bin mota uku da rana ba.

Kayan aikin ba su da yawa. Ɗamarar ƙirji irin wadda ke zagaye ƙirji da kafaɗa mai zobe a baya, na saye ta riyal 60 a shagon kayan dabbobi, a ɗaure ta yadda yatsu biyu za su shiga ƙarƙashinta. Gajeriyar igiya ta mita 2. Doguwar igiya ta mita 10, kaurin ɗan yatsa, daga masu sayar da kayan gini, da ƙugiyar ƙarfe mai kulle kanta, na ƙuƙƙulla ta duk bayan mita ɗaya don hannu ya sami abin kamawa kuma ƙafa ta sami abin takawa. Doguwar igiya a zoben baya ake maƙala ta, kada a sa ta a abin wuya. Kare mai kilo 19 da ya sami mita 10 na gudu, in igiya ta ƙare a wuyansa, zai iya jin ciwon da ya fi na motar. Sai safar hannu ta fata, kuma kada a naɗe igiya a yatsu. Tukwicin kuwa hantar kaza ce: a tafasa ba gishiri ba albasa, a bar ta ta huce ta daskare, a yayyanka kamar ƙwayar wake. Kwali ɗaya yana ba da ɗaruruwa, a raba a leda-leda a sa a firiza. Hanta zalla in ta yi yawa tana sa zawo, don haka na riƙa gauraya ta da dafaffen naman kaza, kuma na rage masa abincin yamma gwargwadon abin da ya ci a horo. Kafin ya ci na safe ake yin aikin, ƙosasshen kare ba ya sauraron kowa.

Wani zai ce yaya Musulmi zai riƙa ba kare abinci a hannu. Riƙe kare don gadin dabbobi ko gona ko farauta hadisi ya halatta shi, kuma aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta ambaci koyar da dabbobin farauta. Mu da muka tashi a mazhabar Malikiyya mun san ba a ɗauki jikin kare najasa ba, maƙwabtanmu 'yan ƙasa kuwa Hambalawa ne, suna tsanantawa a kan yawunsa. Ni na ware riga ɗaya don aikin, ina sa safa, kuma mafi yawan tukwicin a ƙasa nake jefa masa, wanda ma ya fi amfani, domin karen da ya sunkuya neman abinci idonsa ya bar hanya.

Makon farko ba mota a cikin lissafi. A bayan rumfa, inda ba abin da ke motsi, na fara koya masa kalmar alama, wadda za ta gaya masa daidai lokacin da ya yi daidai. Na zaɓi "yauwa", gajeriya, da murya ɗaya kullum. In ce yauwa, in jefa hanta, sau 15, safe da yamma. A kwana na uku, da na faɗa sai ya waigo yana lasar baki, alamar ya gane. Sai sunansa: in kira sau ɗaya, ya juyo, yauwa, hanta. In bai juyo ba ba na maimaitawa, sai in matsa kusa in sake gwadawa. Maimaita kira yana koya wa kare cewa na farko da na biyu ba dole ba ne. "Zo" ya ba mu wuya, saboda mun riga mun ɓata kalmar da bulala, da ya ji ta sai ya kwantar da kunne ya ja baya. Dole na bar ta na koma fito, ɗaya dogo. Ni da ɗan yayata muka tsaya mita 5 tsakani muna kiransa bi da bi, kowa ya biya shi, sannan mita 10, sannan ɗaya ya ɓoye bayan buhuna. Sharaɗin fiton shi ne ba a taɓa yin sa don a kulle shi ko a yi masa wanka ko a hukunta shi. Sai "kwanta", da "bari": hanta a cikin dunƙulallen hannu, ya shinshina ya gaji, da ya janye hanci, yauwa, a ba shi wata daga ɗaya hannun. Kowane zama minti 5 ne, a tashi tun yana son ƙari.

Mun yi sa'ar lokaci, a watan Disamba muka fara. Duk da haka bayan Asuba da gab da Magariba kawai muke fita. Kare ba ya zufa kamar mu, da haki yake huce jiki, in ya fara haki da harshe waje to ya daina koyo, kuma yana iya faɗuwa. A zafin Makka da ke haura digiri 40, a ɗora bayan hannu a ƙasa, in ba za a iya ƙirga bakwai ba to tafin ƙafarsa ma ba zai iya ba.

A mako na uku muka fuskanci hanya, kuma nan ne zuciyar aikin take: gano nisan da kare ke iya ganin mota hankalinsa bai gushe ba. Na sa shi a gajeriyar igiya muka tsaya a fili, nesa da kwalta, muna jira. A mita 40, da mota ta ɓullo sai jikinsa ya sandare, kunnuwa suka miƙe gaba, baki ya rufe, wutsiya ta tsaya cak, nauyinsa ya koma kan ƙafafun gaba. Na kai masa hanta bakin hanci, ko shinshinawa bai yi ba. Wannan ita ce alamar da ba ta ƙarya: karen da ya ƙi hanta ya yi kusa da yawa, duk abin da ka faɗa masa a wannan hali iska ce. Muka ja baya zuwa 60, ya karɓa amma da wawura, har haƙorinsa ya taɓa safa. A mita 80 ya kalli motar, jiki a sake, ya ci a hankali. To daga nan muka fara. Na jera duwatsu da na shafa wa farin fenti duk bayan mita 10 don kada in riƙa yaudarar kaina da kintace, kuma na riƙa rubuta kwanan wata da nisa da adadin motoci da sau nawa ya zabura.

Wasan da kansa mai sauƙi ne, lokacinsa ne ke da wuya. Mota ta ɓullo, ya kalle ta, kafin jikinsa ya ɗaure in ce yauwa, ya waigo, in jefa hanta a ƙasa ta ɓangaren da ba hanya. Ba na hana shi kallo, kallon ma shi nake biya. In na makara da daƙiƙa ɗaya ya riga ya zabura, babu yauwa babu faɗa, sai in juya mu ƙara nisa. Igiya kuma a sake take, tana lilo, domin jan igiya tun kafin mota ta iso yana gaya masa cewa ga abin faɗa nan tafe. A kwana na biyar na jinkirta kalmar da gangan. Wata farar wanet ta taho, ya kalle ta, kunnensa ɗaya ya motsa, sai ya waigo da kansa ya zuba mini ido kamar mai cewa ina nawa. Na zazzage masa kusan goma a ƙasa. Ɗan yayata ya ce, "Kawu, wallahi kai ya kalla!" Daga ranar mota ta fara zama alamar waigowa. Ƙa'idar matsawa gaba ita ce ya waigo da kansa a mota 8 cikin 10, kwana biyu a jere, sannan mu rage mita 10. Da muka iso 30 muka koma rage mita 5, a ƙasa da 15 kuwa taku biyu-biyu. Daga 80 zuwa 40 mako biyu ya ɗauka. Daga 40 zuwa 10 ya ci fiye da wata.

Kwalta ba ta wadatar ba, saboda matsalarsa ta asali a ƙofar garke take, inda yake ganin gidansa ne. Sai muka koma amfani da wanet ɗinmu, ɗan yayata yana tuƙi, muna waya a kunne. Da farko tana tsaye inji a kashe, ya zagaya ta ya shinshina tayoyi. Sannan inji a kunne. Sannan ta mirgina da saurin tafiyar mutum, mu muna mita 30. Sannan kilomita 10, sannan 20, sannan 30. Abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda, in an ƙara gudu a ƙara nisa, in an rage nisa a rage gudu. A nan na lura motar da ke tahowa ba ta dame shi sosai, wadda ta gifta ta ba shi baya tana tayar da ƙura ita ke fizgarsa, saboda haka muka fi maimaita fita a kan shiga. Na kuma ware masa wurin kwanciya, tsohuwar tabarmar roba mita 12 daga ƙofa. In za a buɗe ƙofa sai ya je kai ya kwanta, ana jefa masa hanta ɗaya-ɗaya har motar ta ɓace, sannan a ce "je ka". Direban wayit ya yi mana kirki, ya yarda ya riƙa shigowa a hankali kuma ya daina danna mana oda.

A mako na bakwai muka faɗi. Wani baƙo ya zo taya raguna, ya bar ƙofa a buɗe, Duna yana jan doguwar igiya a tsakar garke, sai ga yara biyu a kan dabbab, babur mai ƙafa huɗu, sun gifta da ƙara. Na cafki igiyar ba safa, ta zare ta ƙone mini tafin hannu, ya bi su har kwalta. Na yi fito sau ɗaya, na juya na ruga ta wajen rumfa, domin in ka bi kare da gudu gani yake tare kuke farautar. Ya dawo. Raina a ɓace yake, hannuna yana zogi, amma na biya shi, saboda dawowar ita ce abin da ya yi na ƙarshe. Washegari a mita 20 ya kasa, a 30 ma ya kasa, dole muka koma 50. Mako guda ya ɗauka kafin mu dawo inda muke. Abin ya kuma nuna mini cewa kare ba ya ɗaukar darasin wanet ya kai kan babur. Kowane iri sai an fara masa daga nesa: dabbab, babur, keke, wayit mai ruwa yana ɗiga, dina mai tumaki suna kuka, da fitilun mota da dare. Koyon na biyun dai ya fi na farko sauri, na uku ya fi na biyu. Haka kuma in abu ya tayar masa da hankali da safe, ko karnukan daji sun zo da dare, ranar ba a matsa gaba, a ƙara nisa ko a huta.

Wani dattijo makiyayi da ke maƙwabtaka da mu, wanda ya yi kiwo a Sudan kafin ya ƙetaro, ya ga muna fama ya ce, "Yaro, kun hana shi gudu, me kuka ba shi a madadi?" Na ce, "Baba, hanta." Ya yi dariya ya ce hanta ta ciki ce, ƙafa kuma fa? Gaskiyarsa. Sai na sami sandar roba ta famfo mai mita ɗaya da rabi, na zura igiya mita 2, na ɗaura tsumma da guntun fatar tunkiya a bakinta. In ja ta a ƙasa a kewaye yana bi, in bar shi ya kama, in ce "saki" in musanya da hanta, in sa shi ya kwanta, sai na ce "kama" ya sake tashi. Minti 5 a kan yashi, a ƙasa-ƙasa ba tsalle sama ba, saboda gaɓoɓi. Wannan ya ƙone masa ƙarfi kafin mu je hanya, kuma ya koya masa tsayawa a tsakiyar zumuɗi, abin da hanta kaɗai ba ta koya masa ba. Daga baya tsumman ya zama babban tukwici: babur ya wuce bai motsa ba, in zaro shi daga aljihu. A kan babur ya fi hanta aiki nesa ba kusa ba.

A wata na huɗu, wanda ya faɗo cikin azumi, muka fara janye tallafi, muna fita bayan Asuba kawai. Maimakon kowace mota, sai ya zama ana biyan biyu a tsallake ɗaya, sannan ba tsari, amma babur da wayit kullum ana biya. Doguwar igiya na daina riƙewa, yana jan ta a ƙasa, ƙafata tana kusa da ƙulli. Da aka yi mako biyu ban taka ta ba, na yanke mita 2, bayan mako na ƙara yanke 2, har ta zama guntuwa. Cire ta rana ɗaya kuskure ne, kare ya san nauyinta sarai. Sannan na sa kowane ma'aikacin garken ya yi zaman da kansa, da fito iri ɗaya da kalmomi iri ɗaya, domin da farko ni kaɗai yake waigowa, in ba na nan ya koma halinsa. Wani yana cewa "kwanta", wani yana faɗa da Larabci, sai da muka zauna muka daidaita baki.

Da zan sake daga farko, ragar zan fara yi tun ranar da ya raka wayit karon farko yana wata 7, lokacin da mako uku za su iya yin abin da ya ci wata huɗu. Zan fara daga nisan da nake ganin ya yi yawa, domin duk ranar da muka koma baya gaggawata ce ta jawo, ba taurin kansa ba. Zan sa safa ko da zaman minti ɗaya ne. Kuma karen da ke kai wa mutanen da ke kan babur cizo, ba taya ba, wannan ya wuce aikin gida, a sa masa takunkumi a nemi ƙwararre ta hannun likitan dabbobi.

Gwajin gaske ya zo a kwanakin Layya, da dina-dina suka riƙa shiga da fita, wata rana har 14. Mun kulle shi a raga daga hantsi zuwa La'asar saboda zafi da hayaniya, da yamma kuma yana kan tabarmarsa da guntuwar igiya. Sau ɗaya ya miƙe ya yi taku uku bayan wata dina, na yi fito, ya juyo. Yanzu a cikin garke a sake yake, wayit ta shigo ya tafi tabarma da kansa ya kwanta yana jiran rabonsa. A bakin kwalta kuwa har gobe a igiya yake, kuma sau biyu a mako muna komawa wajen fararen duwatsun nan mu yi mota goma.